Me ya sa ƙarfin 'yan'uwan nan na Charmed yake ta canzawa?

Tambaya: "Na gama kallon Charmed har zango na takwas, kuma abu biyu sun tsaya min a rai. Na farko, me ya sa ƙarfin 'yan'uwan yake ta canzawa? Wadda take daskarar da abu ta koma tarwatsa shi, wata ta fara tashi sama sannan aka ƙwace mata. Akwai ƙa'ida ne, ko marubutan suna yin abin da suka ga dama? Ina tambaya ne don ni ma ina ɗan taɓa rubutun labari. Na biyu, yayata ta ce fim ɗin mayu nake kallo. Mayu ne?"

Amsa:

Ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan, domin shirin da kika ambata, na talabijin ɗin Amurka a kan 'yan'uwa mata masu ƙarfin sihiri, yana cikin waɗanda nake yawan kafa misali da su idan ina koyar da rubutun labarin fim. Akwai ƙa'ida. An riƙe ta gam a zangunan farko, daga baya aka sassauta mata, kuma ina jin daidai wajen da aka sassauta ne hankalinki ya ƙi kwanciya. Ƙa'idar ita ce: ƙarfin kowacce daga halinta yake fitowa, musamman daga abin da take ɓoyewa a ranta. Idan kin riƙe wannan, rabin abin da ya ɗaure miki kai zai warware da kansa.

Bari in fara da maganar yayarki, don ita ce mai nauyi a wajenmu.

A Hausa in an ce mayya, ana nufin mai kama kurwar mutum, wadda ake cewa tana da ƙanƙara a cikinta, wadda ake sawa ta tsallake maras lafiya don ta sake shi. Kalma ce da ta raba aure, ta kori tsofaffi daga garuruwansu, wani zubin ma ta sa an kashe mutum ba tare da ya yi komai ba. 'Yan gidan Halliwell, wato 'yan'uwan da ke cikin shirin, ba sa cin kurwar kowa. A labarin, aikinsu kare bayin Allah ne daga miyagun halittu. Kalmar da Turawa ke kiransu da ita ta haɗa abubuwan da mu muka rarrabe: maita daban, tsafi daban, bokanci daban. Da ni aka ba aikin fassara shirin, masu sihiri zan kira su, ko matsafa, ba zan ce mayu ba. Abu ɗaya da ya yi kama da abin da ake faɗa a kan maita shi ne gado ta wajen uwa, domin su ma daga uwa zuwa 'ya abin yake bi. Hukuncin sihiri a addini kuwa sananne ne, shirin bai canza shi ba, ni ma ban zo in canza shi ba. Ƙagaggen labari ne na Amurka, kuma a haka nake nazarinsa.

Tushen gadon nasu ma daga tarihin Amurka aka ɗebo shi. An ce kakar kakanninsu, Melinda Warren, an ƙone ta a lokacin shari'ar Salem. Shari'ar ta faru da gaske a Massachusetts a 1692, aka rataye mutum 19, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu, duk bisa zargi. Ba a ƙone kowa a Salem ba, ƙunar ƙarin gishirin masu fim ne. Ita Melinda ta labarin tana da baiwa uku: motsa abu ba tare da ta taɓa shi ba, tsayar da abu cak, da hango abin da zai faru. Kafin ta mutu ta ce zuriyarta za ta yi ta ƙara ƙarfi har a kai ga wasu 'yan'uwa mata uku, kowacce ta ɗauki ɗaya. To kin ga tun daga gindi an gaya mana cewa abin mai girma ne, ba a tsaye yake ba.

Shirin ya fara fita a tashar The WB ranar 7 ga Oktoba 1998, ya ƙare ranar 21 ga Mayu 2006, zango 8, kashi 178. Constance M. Burge ce ta ƙirƙiro shi, kamfanin Aaron Spelling ya shirya, Brad Kern ya ja ragamar rubutun har ƙarshe. Burge tana da yayye mata biyu, kuma daga zamanta da su ta ɗebo halayen 'yan'uwan. Wannan ya nuna a aikin. Wanda bai tashi cikin 'yan'uwa mata ba zai yi wuya ya rubuta irin faɗan da suke yi a kan aron kaya da kuɗin gyaran gida.

Ki koma kashi na farko ki duba yadda kowacce ta gano ƙarfinta. Nan aka shuka komai.

Prue ce babba. Uwarsu ta nutse a ruwa tun suna ƙanana, ubansu ya tafi, kaka ce ta riƙe su, ita kuma Prue ta zama babbar ya uwa tun ba ta isa ba. Mace ce mai haɗiye fushi. A kashin farko suna cikin shagon magani ita da ƙanwarta Phoebe, tana neman maganin ciwon kai, tana musun cewa tana da wani ƙarfi. Sai Phoebe ta fara tsokanarta da sunan saurayin da suka rabu, kwalbar magani ta tashi daga kanta ta faɗo hannunta. Phoebe ta ƙara matsawa, ta ambaci ubansu, ta sake ambata, sai kayan kantocin suka zube ƙasa gaba ɗaya. A minti biyu an gaya miki abin da ke cin Prue, kuma ba a sa ta tsaya tana ba da tarihin rayuwarta ba. Da farko da ido take tura abu, tana ɗan runtsewa, daga baya abin ya sauko hannu, ya ƙara nauyi. A zango na biyu ta samu ƙarfi na biyu: jikinta ya sulale a wuri ɗaya, siffarta ta bayyana a wani wurin. Ya zo mata ne lokacin da aiki ke janta ta nan, gida ke janta ta can, tana ji ina ma a ce ta rabu biyu. Kuma marubutan ba su bar shi a matsayin kayan faɗa kawai ba. A zango na uku, ranar auren ƙanwarta Piper, wannan siffar ta biyu ta ɓalle, ta hau babur bayan wani saurayi ta bar taron a hargitse. Duk abin da Prue ta danne shekara da shekaru don ta zama abin koyi ga ƙannenta, ranar ya fito ya yi gabansa.

A kan Piper zan ɗan daɗe, domin a ganina ita ce aka fi rubutawa da kyau, kuma ita kika fara tambaya a kanta.

Ita ce ta tsakiya, mai raba faɗa, mai tsoron ɓata wa kowa. Ranar da ƙarfinta ya fara fitowa tana gwajin neman aikin girki ne. Lokaci ya ƙure, shugaban masu girkin ya ɗebo abincin zai kai baki, ita kuwa ba ta zuba sinadari na ƙarshe a miyar ba. Ta ɗaga hannu biyu a firgice, mutumin ya daskare da cokali a hannu. Ta zuba abin da ya rage, ya farfaɗo, ya ɗanɗana, ya yaba. Ki lura da motsin hannun nan: irin wanda mutum ke yi ne idan yana cewa don Allah a dakata. Macen da duk rayuwarta take fatan duniya ta ɗan tsaya ta numfasa, ita aka ba ikon tsayar da ita. Da farko abin daƙiƙoƙi kaɗan yake yi, a cikin ɗaki ɗaya, kuma sai ta tsorata yake zuwa. A hankali ta iya kiransa da gangan, ta iya zaɓen wanda za ta daskarar, har ta kai tana sakin kan maƙiyi kaɗai ta yi masa tambayoyi, sauran jikinsa na tsaye kamar gunki.

Sai ga shi dab da ƙarshen zango na uku ta ɗaga hannu za ta daskarar da abu, abin ya tarwatse. Bayanin da aka bayar a cikin shirin shi ne, tun asali ba lokaci take tsayarwa ba, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu take rage wa gudu har su tsaya. Yanzu ta fara ƙara musu gudu har su watse. Ƙarfi ɗaya ne mai fuska biyu. Bayani ne mai kyau, ya kuma rufe bakin masu cewa an yi son rai. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da aka zaɓa. Piper ta sha wahala kafin a bar ta ta auri Leo, domin shi majiɓincinsu ne, irin waɗanda shirin ke kira Whitelighter, kuma dattawan da ke sama da shi sun hana irin wannan aure. Ta yi haƙuri, ta yi biyayya, ta yi kuka a ɓoye. Hausawa sun ce mai haƙuri bai iya fushi ba. Da tura ta kai bango, hannun da ke roƙon a dakata shi ya koma fasa abu. Kuma ba ta yi murna da shi ba. Tsoronsa ta riƙa ji, tana fasa kayan gida ba da niyya ba, tana gudun kada ta nuna 'yar'uwarta da hannu. Kashi kaɗan bayan haka aka kashe Prue, Piper ta wayi gari ita ce babba, ga makami a hannunta daidai lokacin da zuciyarta ta fi ƙuna.

Kashi na uku na zango na huɗu shi ne inda nake tsayar da bidiyo in sa ɗalibai su yi magana. Piper ta shiga farautar shaiɗanu ba ji ba gani, tana tarwatsa duk wanda ta samu, kowa na ganin ramuwar gayya take yi. Fushin ya ci ta har ta rikiɗe ta zama ɗaya daga cikin dodannin. Paige, baƙuwar ƙanwar da Piper ba ta ma gama karɓa ba, ita ta gane cewa ba da makashin Prue take fushi ba. Aka kai ta gaban kabarin, Paige ta ce mata ba laifi ba ne ki ji haushin wanda ya mutu ya bar ki, ni ma na ji haushin iyayena. Piper ta hau dukan allon sunan da hannu tana kuka, tana tuhumar yayarta da tafiya ta bar ta da wannan kaya. Nan ta dawo mutum. Na taɓa nuna wannan wajen a aji, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta tashi ta fita. Da ta dawo ta ce min tun rasuwar yayarta ba ta taɓa jin wani ya faɗi abin da ke ranta ba sai yau, domin a gidansu in ka ce kana jin haushin mamaci za a ce ka yi saɓo. Holly Marie Combs ce ta fito a Piper, kuma ban ga inda ta fi wannan wajen ba a duk shirin.

Phoebe kuma 'yar auta ce, wadda aka ɗauka ba ta san inda ta dosa ba. Ita ta dawo daga New York ba aiki ba kuɗi, ita ta hau ɗakin sama ta samo kundin gadonsu, ita ta karanta kalmomin da suka kwance ɗaurin da kakarsu ta yi wa ƙarfinsu tun suna yara. Wadda aka ce ba ta da gobe, ita aka ba ganin gobe. Sai dai ƙarfi ne da ba ya duka, ba ya karewa, kuma ba ya zuwa sai ya ga dama. Tana kan keke ta hango mota za ta buge wasu samari biyu, ba ta da abin yi sai ta jefa kanta gabansu, ta ƙare a asibiti. Wannan rashi shi ya gina ta. Don ba ta da abin jifa, ta koyi faɗa da hannu da ƙafa, ta fi kowa iya tsara kalmomin sihiri, ta koma makaranta ta karanci halayyar ɗan Adam, ta zama mai ba da shawara a jarida. Idan kina rubutu, ki riƙe wannan da kyau: jarumar da aka ba ƙaramin ƙarfi ta fi ba marubuci abin faɗa.

Tashi sama da ta samu a zango na uku shi ne ƙarfi na farko da ban ga tushensa a halinta ba. Ya yi kyau a ido, ya dace da tsallen faɗan da take yi, shi ke nan. Wanda ta samu a zango na shida, jin abin da ke zuciyar wani kamar a nata ran, ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba, domin aikinta ke nan a jarida. A zangon ne kuma wata kotun sihiri ta ƙwace mata duka ukun, saboda ta riƙa amfani da hangenta don biyan buƙatar kanta. Hangen ya dawo a zango na bakwai, sauran biyun ba a sake ganinsu ba har shirin ya ƙare. Hukuncin yana da madogara a labarin. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen ɗaukar fim ya san ɗaga mutum sama da igiya yana cin lokaci da kuɗi, kuma ni ina ganin aljihu ya sa baki a wannan hukunci.

Madogarar da nake nufi ita ce dokar da ta hana su amfani da ƙarfi don amfanin kansu ko don hukunta wanda suka ga dama. Kashi na biyu na zango na biyu ya nuna ta fiye da ko'ina. Wani mutum yana barin karensa ya yi kashi a ƙofar gidansu, suka yi amfani da ƙarfinsu suka shafa masa a takalmi. Ƙaramin abu. Sai aka kai su shekarar 2009, suka tarar da Phoebe a kurkuku ana shirin ƙone ta, don ta kashe wanda ya kashe mata wani na kusa, kuma mai gabatar da ƙarar shi ne mai karen nan. A can gaban ƙarfinsu ya ninka: Prue ta kaɗa hannu ɗakin sama ya tarwatse, Piper ta daskarar da unguwa guda. Amma Prue ba ta da kowa sai aiki, auren Piper ya mutu. An nuna musu ƙarfin ya girma, masu shi sun lalace.

Zuwan Paige dole ce ta kawo shi. Shannen Doherty ta bar shirin bayan zango na uku a 2001, ita ce ma ta ba da umarni a kashin da aka kashe Prue, kuma labari ya ginu a kan uku, ba ya tafiya da biyu. Sai aka fito da 'yar da uwarsu ta haifa da nata majiɓincin, aka kai ta coci tana jaririya don tsoron dattawan sama, wasu suka riƙe ta. Rose McGowan ta fito a matsayinta. Dabarar da aka yi a nan ta cancanci yabo. Dole ta gaji gurbin mai motsa abu, amma da an ba ta irin na Prue sak, da 'yan kallo sun ce kwaikwayo ce. Sai aka gauraya shi da jinin ubanta: ita kiran sunan abu take yi, ya ɓace cikin haske ya bayyana a hannunta. Yarinyar da ta tashi ba ta san sunan danginta ba, ƙarfinta ya zama sai ta kira abu da sunansa. Warkarwa kuwa, wadda irin ubanta ke yi, ba ta iya ta ita kaɗai ba sai a zango na takwas, lokacin da aka harbi Henry, wanda ta aura daga baya. Tun zango na farko an riga an kafa cewa ƙauna ce ke kunna wannan baiwa, marubutan kuma suka tuna bayan shekara bakwai.

Inda igiyar ta saki shi ne daga zango na biyar. Aka shiga rikiɗar da su mako-mako, yau 'yar ruwa, gobe allolin Girkawa, jibi jaruman tatsuniya. Aka haifi Wyatt, ɗan Piper, wanda tun yana jariri yake abin da iyayensa mata uku ba sa iyawa, har ya fito da dodo daga cikin talabijin. A zango na takwas, da aka rage kuɗin shirin har aka ajiye Leo na tsawon kashi da yawa, aka kawo Billie, wadda Kaley Cuoco ta fito a matsayinta, mai ƙarfin da ke mai da tunani gaskiya. Ƙarfi irin wannan ba shi da iyaka, kuma abin da ba shi da iyaka ba ya sa gaban ɗan kallo ya faɗi. A zangon farko, in maƙiyi ya shigo gidan, kina lissafi tare da su: daskarewar za ta kai daƙiƙa nawa, Prue na kusa ko tana wajen aiki. A zangunan ƙarshe Piper na ɗaga hannu an gama. Ban ce babu abin kirki a cikinsu ba, labarin Chris, ɗan Piper na biyu, a zango na shida yana da nauyi, amma tsoro ya ragu ƙwarai.

Tunda kin ce kina rubutu, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi kafin su ba jarumi kowace irin baiwa, ko ta aljanu ce ko ta sarauta ko ta dukiya. Su rubuta a takarda abin da jarumin ya fi tsoro, da abin da ba ya iya faɗa wa mutanen gidansu, sannan su nemo baiwar da za ta tona wannan asirin a gaban mutane. Su kuma rubuta abu biyu da baiwar ba za ta taɓa iyawa ba, su manne takardar a bango. Ranar da labari ya cije, za ki ji kwaɗayin ƙara wa jarumarki sabon ƙarfi don ta kuɓuta. Kafin ki ba ta, ki tambayi kanki me ya canza a zuciyarta a babin da ya wuce. In babu, ki bar ta ta nemi mafita da abin da ke hannunta.

An sake yin shirin da sababbin 'yan wasa a tashar The CW daga 2018 zuwa 2022, zango huɗu, da wasu 'yan'uwa daban a wani gari daban. Wannan maganarsa daban ce. In za ki sake kallon na asalin, ki sa ido a kan ƙofar gidan nan na San Francisco. A ƙarshen kashi na farko Prue ta shiga, ta juyo, ta rufe ta ba tare da ta taɓa ba, kuma ya zama al'ada a rufe zango da rufe ƙofar. A ƙarshen zango na uku ba 'yan gidan suka rufe ta ba, Shax ne, wanda ya kashe Prue, ya fita ya buga ta har gilashin ya farfashe. A kashi na 178 Piper ta tsufa, tana zaune tana karanta wa jikarta kundin gadon. Ta tashi ta hau bene da Leo, yara suka shigo da gudu, yarinyar ta ɗaga hannu daga inda take, ƙofar ta rufe.